Darasi na 12: Ƙwayoyin Ƙarin Sinadarai da Abin da Bincike Ya Tabbatar a Kansu

Wannan darasi a kan ƙwayoyi ne da kafso da ruwan kwalba da gari, waɗanda ake sha domin a ƙara wa jiki wasu sinadarai, kamar bitamin da maganin ƙarin jini. Ana sa ran in mun kammala shi, ɗalibi zai iya rabe wanda aka gwada aka tabbatar da wanda baki kawai ya tallata, ya san su wa ke bukatarsu a gidansa, ya kuma duba jikin kwali da kyau kafin ya zaro kuɗinsa.

Abin da jiki ke bukata kaɗan-kaɗan

A darussan baya mun ga cewa tuwo da fura da shinkafa ƙarfi suke bayarwa, wake da nama da kifi da ƙwai da nono kuma su ke gina jiki. Bayan waɗannan akwai wasu abubuwa da jiki ke nema ɗan mitsitsi, amma in babu su aiki ya tsaya. Kashi na farko su ne bitamin, guda 13 ne. Kashi na biyu ma'adinai ne, irin su ayon, wato sinadarin ƙarfen da ke cikin jini, da aidin da zinki da kalsiyam. Don ku ga ƙanƙantar abin, babban mutum na bukatar aidin maikirogiram 150 a rana. In aka tara na shekara 70, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Amma rashin wannan ɗan abin shi ke kawo maƙoƙo, shi ke kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

Saboda haka mutum na iya ƙoshi kullum, ga tuwo safe da dare, amma jikinsa na cikin yunwar da ido ba ya gani. Ƙwayoyin da muke magana a kansu an yi su ne domin cike irin wannan giɓi. Aikinsu ke nan, ba su da wani. Randa in ruwanta ya yi ƙasa, guga ɗaya na da amfani; in ta cika, abin da aka ƙara zubewa zai yi. Haka bitamin C da dangin bitamin B suke, rarar da jiki bai bukata fitsari ke kwashe ta. Su kuwa bitamin A da D da E da K ba su fita haka, jiki ajiye su yake yi a hanta da kitse, don haka yawan A da D na iya zama guba.

Yaya ake sanin magani na aiki?

A shekarar 1747 wani likitan jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna James Lind ya rasa yadda zai yi da wata cuta da ke ƙarar da matuƙa a doguwar tafiya. Dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi ta girgiɗi, mutum ya kasa tashi. Kowa da maganin da yake rantsuwa da shi. Sai Lind ya ɗebi marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu, abincinsu iri ɗaya, ya ba kowane biyu magani dabam. Wasu ruwan teku, wasu ruwan tsami na khal, wasu kuma lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya a kullum. Cikin kwana shida ɗaya daga masu shan lemu ya koma bakin aiki, ɗayan ma ya fi sauran samun sauƙi. A lokacin ba wanda ya san da bitamin C, amma gwajin ya nuna abin da ke aiki. Sai a 1795 rundunar jiragen ta fara raba ruwan lemu ga kowa, bayan kusan shekara 50 ana ta mutuwa.

Yau ma haka ake yi, sai dai an ƙara tsanantawa. Akan tara mutane da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya maganin, ɗaya kashin kuma a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta. Mai sha bai san wadda ya samu ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Bayan watanni ko shekaru sai a ƙirga: nawa suka warke a nan, nawa a can, nawa suka cutu.

Me ya sa ake wannan wahala, alhali ga mutane suna fitowa a rediyo suna shaida cewa sun sha sun ji daɗi? Dalili shi ne yawancin ƙananan cututtuka da kansu suke tafiya. Mai mura ko ya sha ko bai sha ba, cikin mako ɗaya ko kwana goma zai miƙe, kuma abin da ya sha a ƙarshe shi zai yaba. Sannan wanda ya sha bai ga amfani ba, babu mai kai masa makirfo.

Kada ku ɗauka marasa ilimi kaɗai ke faɗawa wannan rami. Manyan likitoci ma sun faɗa. An daɗe da lura cewa masu yawan cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da kansar huhu ba. Sai aka ce ai sirrin na cikin sinadarin da ke ba karas launinsa, wanda ake kira bita-karotin, a zuba shi a ƙwaya kawai a raba. Magana ce da hankali ke ɗauka. A ƙasar Finlan aka gwada a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, na tsawon shekara biyar zuwa takwas. Da sakamako ya fito a 1994, sai ga shi waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka ma an yi irinsa, aka dakatar da shi a 1996 tun lokacinsa bai cika ba, domin ƙarin da aka gani a can ya kai kashi 28. Karas ɗin kansa bai cutar da kowa ba. Abin da ya yi ɓarna shi ne cire sinadari ɗaya daga cikinsa, a ninka shi, a ɗura wa mutanen da ba su rasa shi ba. Da ba a yi gwajin ba, da har yau ana sayar wa mashaya taba wannan ƙwaya da sunan kariya.

Waɗanda aka gwada suka ci jarrabawa

Mu fara da wanda kowace uwa ta sani, ɗan kafson nan da ake yanke wa baki a ɗiga wa yaro a makon lafiyar mata da yara. Bitamin A ne. Alamar farko ta rashinsa ita ce dundumi, yaro ya riƙa laluben hanya da zarar magariba ta yi. In abin ya yi nisa ido ya bushe, ya makance. Wani likitan ido Ba'amurke, Alfred Sommer, ya gwada shi a ƙauyuka 450 na yankin Aceh a Indonesiya, ya fitar da sakamako a 1986: mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka raba kafson. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a wasu ƙasashe ba duka suka ga raguwa mai yawa haka ba, amma jimillarsu ta nuna yana ceton rai inda ake da ƙarancinsa. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro daga wata 6 zuwa wata 59, duk bayan wata huɗu zuwa shida. Shuɗin kafso na 'yan wata 6 zuwa 11 ne, jan kuma na 'yan shekara ɗaya zuwa sama, ƙarfinsa ya ninka na shuɗin. Yaron da ƙyanda ta kama ma ana ba shi a asibiti. Amma mace mai ciki kada ta kuskura ta sha wannan kafso, yawan bitamin A na lalata halittar ɗan tayi.

Na biyu shi ne wanda ya kamata mu fi tsayawa a kai, maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awon ciki. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya samu kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Mai ciki jininta ƙaruwa yake yi don ya ishe su su biyu, bukatarta ta ayon sai ta haura abin da tuwo da miya za su iya biya, ko da gidan na da wadata. Shi ya sa aka tsara ta riƙa shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kowace rana har ta haihu. Macen da ta shiga naƙuda jininta a ƙasa, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita.

Mata da yawa na karɓar ƙwayar su jefa a ƙasan akwati, kuma suna da dalilansu. Takan sa tashin zuciya, takan ɗaure ciki, bayan gida ya koma baƙi. Baƙin ba ciwo ba ne, ragowar ayon ɗin ne ke fita. Wadda ke jin tashin zuciya ta sha bayan cin abinci ko in za ta kwanta, ta yawaita ruwa da ganye. In ya ƙi, ta koma ta gaya wa malamar awo, akwai yadda za a canza mata. Akwai kuma masu cewa maganin na sa jariri ya yi ƙaton da haihuwarsa za ta gagara. Abin da aka gani a gwaji shi ne yana rage haifar ɗan da bai kai nauyi ba, wanda shi ne ke cikin haɗari. Maigida na da aiki a nan. Wanda ya san matarsa na awo, ya riƙa tambaya kowane dare, "Kin sha na yau?" A lura kuma da shayi: ganyensa na hana jiki tsotsar ayon, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu. Lemu da goba da kwalba da nono na 'ya'yan kuka kuwa taimaka masa suke yi, saboda bitamin C da ke cikinsu.

Shi folik asid wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ce ta gano hanyarsa a 1931, lokacin da take binciken ƙarancin jini mai kisa a tsakanin masu ciki matalauta na birnin Bombay a Indiya. Shekara 60 bayan nan, a 1991, wani babban gwaji da Ingila ta jagoranta ya nuna wani amfanin nasa. Akwai jariran da ake haifa da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, wasu ƙafafunsu a shanye, wasu ƙoƙon kai bai haɗu ba. Matan da suka taɓa haifar irin wannan, da aka ba su folik asid tun kafin sabon ciki, sake faruwar abin ta ragu da kashi 72 cikin ɗari. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci: lakar ɗan tayi na gama rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Wadda ta jira sai ciki ya fito sannan ta fara awo ta makara ga wannan kariyar. Amarya, da duk macen da ke sa ran ciki, tun yanzu ya dace ta fara.

Sai dai ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ayon ba. Zazzaɓin cizon sauro na fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki na tsotse shi, ga kuma sikila. Mai sikila folik asid aka saba ba shi. Ayon kuwa sai likita ya auna, domin yawan ƙarin jini da ake yi musu kan tara musu shi fiye da kima. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi katutu, an raba wa yara ayon da folik asid ba tare da zaɓe ba a wani gwaji na yara fiye da 24,000. Rahoton 2006 ya nuna waɗanda suka sha sun fi kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin ɗari. Tun daga nan ƙa'ida ta zama cewa a ƙasar sauro, ayon na yara sai tare da gidan sauro da gwajin zazzaɓi da maganinsa. Ƙasarmu kuwa ƙasar sauro ce. Uwar da ta ga tafin hannun ɗanta ya yi fari, asibiti za ta nufa, kada ta tsaya a kemis ta ce a ba ta na kwalba.

Aidin ba sai an sayi ƙwaya ba, an zuba shi cikin gishiri. Suwizalan ta fara haka a 1922, Nijeriya ta wajabta a 1993. Dattawan ajin nan za su iya faɗa mana yawan masu maƙoƙo a da da yanzu. Abin kiyayewa kawai, a sayi gishirin leda mai rubutun aidin, a rufe shi, domin danshi da zafi na cinye sinadarin. Tun 2002 kuma doka ta ce a sa bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani, alamarsa hoton ido a jikin buhu ko galan.

Zinki na gudawar yara ne. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa shi da ruwan gishiri da sukari: miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba kuma miligiram 10. Yana rage kwanakin gudawar, yana kuma rage dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina a kwana na uku don gudawa ta tsaya. A cika kwanakin.

Akwai wani gwaji da aka yi a nan gida wanda ya cancanci ku san shi. A littattafan likitancin Turai, in ƙafafun yaro suka tanƙware, ya zama gwame ko suka buɗe waje, wuyan hannunsa ya kumbura, to rashin bitamin D ne, wanda fata ke samarwa in rana ta taɓa ta. A Ingila mai hazo da sanyi wannan gaskiya ne. To amma yaran Jos da ke wuni suna wasa a rana fa, me ya tanƙwara su? Likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka raba yara 123 kashi uku: wasu bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun, na mako 24. Sakamakon da ya fito a 1999 ya nuna waɗanda suka samu kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Ashe abincinsu ne, masara zalla babu nono, kalsiyam ɗin da suke samu bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. Cuta ɗaya, alama ɗaya, amma giɓin dabam. Mai ɗauko kwalba daga Landan ko Dubai ya ce Turawa ma shi suke sha, sai a tambaye shi ko abin da suka rasa shi muka rasa. Kalsiyam na nan a nono da kindirmo da miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Masu ciki a wuraren da ba a samunsa sosai a abinci akan ba su giram 1.5 zuwa 2 a rana, domin yana rage hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga. Ba a haɗa shi da ayon a lokaci ɗaya, ɗaya da safe ɗaya da dare.

Maganin tamowa na leda ma a wannan sahu yake. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, ya haɗa shi a 1996 daga gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasari a yankin Maraɗi, yawancinsu a gida a hannun iyayensu mata. Ƙirgaggen magani ne na yaron da aka auna wa dantse. In aka raba wa 'yan uwansa ko aka kai kasuwa, jinyarsa aka yanke.

Mai lafiya fa?

Yanzu a dubi duk abin da muka lissafa. Kowanne na da mutumin da aka yi shi dominsa, da adadi, da lokaci. Kuma kusan duka ko kyauta ne a asibitin gwamnati ko kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Mu kuwa mun saba cewa araha ba ta ado, sai mu raina 'yar ƙwayar awo mu girmama kwalba mai tsada. A wannan fage lissafin a juye yake.

Babban mutum mai lafiya da ke cin abinci iri-iri, bincike bai nuna yana samun wata riba ta a zo a gani daga ƙwayoyin bitamin ba. A Amurka an bi mutane 25,871 kimanin shekara biyar ana ba wasu bitamin D da man kifi. Rahoton 2018 ya ce ba su rage kamuwa da kansa ko jimillar manyan cututtukan zuciya ba. Wani gwajin na maza fiye da 35,000 ya nuna a 2011 cewa ƙwayar bitamin E ta ƙara kansar mafitsara ta maza, wato ta furostet, da kashi 17 cikin ɗari. Bitamin C da ake rububi lokacin hunturu ba ya hana yawancin mutane kamuwa da mura, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta ga mai shansa kullum. Akwai dai waɗanda likita kan rubuta wa don dalili: tsofaffin da cikinsu ya daina tsotsar bitamin B12, mai ciwon sukari da ya daɗe a kan metformin, wanda aka yi wa aikin hanji, da wanda doguwar jinya ta hana ci. Waɗannan giɓinsu sananne ne.

A ganina, magidancin da ke da dubu biyar a hannu yana tunanin kwalbar bitamin don iyalinsa, gara ya kai ta wurin mai ƙwai da mai hanta da mai wake. Zogale ma abinci ne mai kyau ƙwarai, a yi kwaɗonsa a yi miyarsa. Amma babu wani babban gwaji da ya tabbatar garinsa a kafso na warkar da ciwon sukari ko hawan jini, kuma wanda ya ajiye maganin likita ya koma kansa yana wasa da ransa.

Abin da ke cikin kasuwa

Da yawa na zaton duk abin da ya fito daga Amurka an tace shi. Dokar da ƙasar ta yi a 1994 ta ba kamfanoni damar sayar da irin waɗannan kayayyaki ba tare da sun fara nuna wa hukuma cewa suna aiki ba. Daga 2007 zuwa 2016 hukumar magunguna ta can ta kama iri 776 da aka ɓoye magungunan asibiti a cikinsu, akasari na ƙarfin maza da na rage ƙiba. A na maza an fi samun sildenafil, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini na iya faɗuwa warwas. A na rage ƙiba kuma sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A jikin kwalin kuwa an rubuta tsirrai ne zalla. In haka ta faru a can, sai ku auna abin da ake ƙullawa a leda ba suna ba adireshi, ana talla da lasifika a tasha.

A nan gida muna da namu, irin su "sha ka fashe" da 'yan mata ke nema don su yi jiki kafin biki. Sau da yawa abin da ke ciki deksametason ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. Kumburin da yake sawa ruwa ne da kitsen fuska da ciki, yana tayar da sukari da hawan jini, yana cinye ƙashi, yana raunana garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ta je a rage mata a hankali a asibiti.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar abinci da magani a Nijeriya. Kayan da babu lambarta a bar shi. Amma a fahimci iyakar lambar. Magungunan tsirrai da yawa lambarsu na ƙarewa da harafin L, ma'ana an duba ba a ga guba a samfurin da aka kawo ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ke faɗa. Shi ya sa za ku ga an rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Bayan lamba, a duba ranar lalacewa, da sunan kamfani da adireshinsa, da jerin abin da ke ciki tare da adadin kowanne. Kwalbar da ta ce tana maganin basir da sanyi da ciwon sukari da rashin haihuwa gaba ɗaya, a mayar da ita inda aka ɗauko.

Abu biyu suka rage. Duk mai shan irin waɗannan, ya faɗa wa likita ko mai ba da magani, domin ayon da kalsiyam da zinki na hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta shiga jiki, kamar sifrofuloksasin da tetrasaikilin. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya sha komai sai da izini. Sannan ƙwayar ƙarin jini ja ce mai santsi, yaro na ɗaukarta alewa, kuma 'yan kaɗan sun isa su halaka shi. A ɗora ta inda hannunsa ba ya kaiwa. In ya haɗiya, a garzaya asibiti nan take ko da yana wasa.

Tambayoyi

1. Me ya sa shaidar mutum ɗaya a rediyo ba ta isa hujja cewa magani na aiki ba?
2. Yaushe ya dace mace ta fara shan folik asid, kuma don me?
3. Me gwajin Jos ya gano game da yara masu tanƙwararrun ƙafafu?
4. Yaro ɗan shekara biyu na gudawa. Nawa za a ba shi na zinki, kwana nawa, tare da me?
5. Maƙwabciyarki ta daina shan maganin awo don bayan gidanta ya yi baƙi. Me za ki ce mata?

Aikin gida

Kowa ya duba ledar gishirin gidansa da galan ɗin mai, ya rubuta ko ya ga kalmar aidin da hoton ido. Wanda ke da kwalba ko kwalin bitamin a gida ya zo da shi mako mai zuwa, ko da fanko ne, za mu karanta jikinsa tare a aji. Masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma su zo da katin asibitin yaran, mu duba ranar da aka ɗiga musu bitamin A na ƙarshe.